Wara, Tumfafiya da Tabon Kawu

Kaka ta rasu da damina, kuma tun gawarta tana mochuwari a Kafanchan gidanmu ya cika. Na zauna a makoki da yawa a ƙauyen nan namu na bayan Madakiya, amma ban taɓa ganin irin wannan ba. Mutum zai shigo da kuka, ya gaishe mu, ya samu kujera a ƙarƙashin kanofi, can sai ka ga ya tuɓe hula yana nuna wa na kusa da shi inda Kaka ta taɓa fasa masa kai. Shugabar matan zumunta na coci ta nuna gwiwar hannunta, aikin muciya ne. Wani dattijon coci ya ce shi da murfin tukunya aka jefe shi saboda ya ce miya ba gishiri. Matar da ke soya awara a bakin titi ta yi kuka har muryarta ta dushe, alhali ita ce Kaka ta taɓa kifar wa da tire cikin kwata. Fasto da ya tashi addu'a ya ce Ubangiji ya karɓi baiwarsa, sannan ya ƙara da cewa mala'iku kuma su yi hankali. Aka yi dariya da hawaye a fuska.

Mutum ɗaya ne bai nuna nasa ba, Kawu, babban ɗanta, yayan mamata. Ko da zafi ko da sanyi riga mai dogon hannu yake sawa, kuma kowa a ƙauyen ya san abin da ke ƙarƙashinta.

Mu a bayan gida muke binne namu. Ranar binnewa, bayan an kawo akwati an ajiye a falo, Kawu ya zaɓi wurin kabari daidai inda tumfafiyar Kaka take. Da kansa ya ɗauki adda ya sare ta, ya tura rassan gefe suna zubar da farin ruwan nan nasu, ya ce samari su haƙa. Addar tana hannunsa har lokacin da waƙar matan zumunta ta tsaya cak a tsakiya. Wata tsohuwar Bafillatana ce tsaye a ƙofar gida, ƙwarya a kai, jarka a cikin ƙwaryar. Tun rikicin da aka yi babu Bafillace ko ɗaya da ya taka ƙauyenmu, kuma samari sun sha faɗa a fili abin da za su yi wa wanda ya gwada. Masu haƙa suka fito daga rami da diga da shebur. Ni na gane ta tun daga tsayuwarta. Inna mai wara ce, ƙawar Kaka, kuma a ranar ban ga yadda za ta bar ƙauyen da ƙafarta ba.

Amma dole in fara gaya muku wara, don in ba ku san wara ba, Kaka ma ba ku san ta ba.

Mutane da yawa suna haɗa ta da awara, kuma wannan kuskuren ne ya jawo wa matar bakin titi kifar da tire. Awara waken suya ne. Wara kuwa madarar shanu ce, sabuwar tatsa, tun ba ta yi tsami ba. A ɗora ta a wuta kaɗan kaɗan, a daddaka ganyen tumfafiya a jiƙa, a tace ruwan a zuba ciki. Sai ka ga abin mamaki, Allah kuwa, madarar tana tattare kanta waje ɗaya fari fat, ruwa yana rabuwa gefe. A kwashe a zuba cikin 'yan kwanduna ta tsane. Shi ke nan. Ni har yau in na ga lokacin nan da take haɗuwa sai tsigar jikina ta tashi.

A wajenmu tumfafiya ba ta da yawa, ƙasar ta cika ruwa. Amma akwai guda ɗaya da ta fito a tsohon juji bayan ɗakin Kaka, ta yi girma har ta fi mutum tsawo. A kanta aka ƙulla ƙawancen, tun kafin a haifi mamata. Inna ta zo daga ruga da wara, ta ɗebi ganye ta tafi. Ba saye ba sayarwa. Kuma suna da tsarinsu da ba ya canzawa. Inna za ta buɗe faifai, ta ɗauki ta farko ta miƙa. Kaka za ta ci a tsaye, da gishiri kawai, ta tauna a hankali tana ɓata fuska, ta ce da irin Hausar mutanenmu da ba ta raba mace da namiji:

"Ƙawa, wannan wara naka ruwa ya yi yawa."

"Ganyenki ne ba kyau."

Daga nan sai su zauna su yi gulmar mazajensu. Ban taɓa jin Kaka ta yaba warar ba, ko sau ɗaya, kuma ban taɓa ganin ta bar ko ɓarɓashi ba.

A wurinta ɗanya mai ɗumi ita ce sarauniya. Bayanta sai soyayya a man gyaɗa, ba manja ba, ta ce manja yana rufe mata baki. A soya har waje ya yi ja, ciki yana nan da laushi, a barbaɗa yajin citta, irin cittar da muke nomawa mai sa hanci zuba. Ran Lahadi bayan sujada a coci takan yanka ta ƙanana ta jefa a miyar gauta, a ci da tuwon acca. Wara tana shan miya kamar soso, in ka ciza sai miyar ta fashe maka a baki. In an yi gwate takan murmusa ta a kai bayan an sauke. Ranar da take cikin farin ciki, wanda ba kullum ba ne, sai ta gasa a garwashi ta ɗiga zuma. Ku gwada wannan, don Allah, ko da wacce kuka saya a kasuwa ce. Amma kada ku sa suga. Marigayi mijinta ya taɓa barbaɗa suga a kan nasa rabon, ta fasa masa ludayi a ƙeya, ta ɗauke kwanon ta ba kare.

Wani direba ya taɓa kawo mata cukun Nijar, busasshen nan mai faɗi kamar faifai. Ta kai masa haƙori ya ƙi, ta sa shi a turmi ta bi shi da taɓarya kamar ya zage ta, ta jiƙa a shayi. Ta ce ba laifi, abincin matafiya ne. Ɗiyar ƙanwar mamata kuma ta zo daga Abuja da na kanti, mai laushin nan da ake naɗewa a takardar azurfa. Kaka ta lasa, ta ce wannan sabulu ne, ta shafa sauran a kaushin ƙafarta a gaban mai kyautar.

Ni da na fara koyon yi, a waya na koya, ina kallon bidiyo ina gwadawa da madarar da nake samowa a Kafanchan. Ranar farko na tsinki ganyenta ba izini, na zabga da yawa, abin ya fito da ɗaci kamar maganin zazzaɓi. Ta tofa min a ƙafa, ta biyo ni da itace har bakin rijiya. Ta ce ganyen nan yana da mai shi. Daga nan na koma lemon tsami da ganyen gwanda, suna yi, amma ba kamar tumfafiya ba.

To, sai ranar da aka kashe autanta.

Na gama sakandare lokacin, ina gida. Inna ta zo da safe ta hanyar bayan gida kamar kullum, sun gama zage-zagensu, man gyaɗa yana kan murhu, wara tana ciki tana ƙara. Sai muka ji ihu daga wajen gonaki. Mutane suka shigo da shi a kan tsohuwar ƙofa. A gonar cittarsa aka same shi, an sassare shi, kan ya rabe, hannu ɗaya fata ce kawai ke riƙe da shi. Sawun shanu ya cika gonar. Ba wanda ya ga wanda ya yi, kuma a ranar ba wanda ya tsaya tambaya.

Kaka ta fito, ta durƙusa, ta sa tafin hannu biyu ta haɗa kan ɗanta kamar mai gyara ƙwaryar da ta fashe. Ba ta yi kuka ba. Ta miƙe da jinin a hannunta, ta koma kicin, ta tura Inna bayan buhunan acca, ta ƙara itace a wuta.

Ƙwaryar Inna ce ta tona ta, an bar ta a bakin ƙofa. Kawu ya zo da adda, samari a bayansa da gora da kwalaben fetur. Idonsa kamar ba nasa ba. Mamacin ƙaninsa ne, shi ya goya shi, shi ya koya masa noma, kuma ban taɓa ganin laifin kukan da ya yi ba. Ya tsaya a ƙofar kicin.

"Mama, matsa. Ba da kai nake ba."

Kaka tana riƙe da kaskon man da tsumma.

"Maza biyu na haifa. Ɗaya yana kwance can. In ka taka ƙofa nan, ku biyu zan wanke yau."

Ya taka.

Ta watsa masa, kasko da mai da wara gaba ɗaya. Ya ɗaga hannu ya kare fuska, shi ya ceci idonsa. Man ya kama shi daga wuyan hannu har sama da gwiwa. Ƙarar da ya yi ban taɓa jin ɗan Adam ya yi irinta ba. Fatar ta tashi ta naɗe, wata guntuwar wara ta manne a naman tana hayaƙi. Warin bai bar kicin ɗin ba har lokacin girbi. Wani yaro daga baya ya kai wa Kaka gora a baki, haƙoranta na gaba suka zube. Ta tofar da su, ta zaro itace mai wuta daga murhu, ta tsaya a ƙofar jini yana bin haɓarta, tana kiran kowane ɗayansu da sunan uwarsa. Ta gaya wa wannan ita ta yanke masa cibiya, ta gaya wa wancan a bayanta ya yi fitsari ranar da uwarsa ke naƙudar ƙanwarsa. Ba wanda ya sake matsowa. Suka ɗauki Kawu suka fita.

Daga nan rugar su Inna samarin suka nufa. Muna tsakar gida muna ganin hayaƙin. Sun ƙone bukkoki, sun sassare jijiyar ƙafar shanu suka bar su suna ja da ciki. Ɗan Inna na fari, wanda ya tsaya korar 'yan maruƙa, a bakin rafi suka cim masa suka kashe shi. Shi ma ba wanda ya ce ya gan shi a gonar citta.

Da rana Kaka ta aika a kira matan zumunta. Ta ɗaura wa Inna zanen zumunta, ta rufe mata kai da ɗankwali har ido, ta ce za su sa ta a tsakiya su yi waƙar makoki har bakin kwalta inda sojoji suke. Shugabar ta ce tana tsoro, tana da 'ya'ya. A nan ne gwiwar hannunta ta haɗu da muciya. Suka tafi suna waƙa, Kaka a gaba da kumburarren baki, suka wuce samarin da ke dawowa daga ruga, ba wanda ya leƙa tsakiyarsu. Sai da ta dawo ta wanke ɗanta, sannan ta faɗi ƙasa ta yi kukan da ya tara ƙauye.

Kada wani ya ɗauka ta yafe. Kullum a addu'ar safe sai ta roƙi Ubangiji ya ruɓar da hannun da ya sari autanta, da ƙarfi, maƙwabta suna ji. Fasto ya zo ya yi mata wa'azin gafara, ta ce Yesu ya gafarta, aikinsa ne, ita tana da nata. Kawu kuma ba ta taɓa ba shi haƙuri ba. Ya tashi ya gina ɗakinsa a ƙarshen ƙauye, ya daina gaishe ta. Ta kai masa zuma ya shafa a ƙunar, ya wurgo kwalbar waje. Ta tsaya a ƙofarsa ta ce in abin ya sake faruwa za ta sake yi, sai dai wannan karon ƙafa za ta nema, don manomi yana bukatar hannu.

Inna da sauran danginta suka koma wajen Kachia. Mun ɗauka an gama. Amma akwai direban da ke kai cittarmu kasuwar can, Kaka ta fara ba shi ƙunshin ganyen tumfafiya, shi kuma ya dawo da wara a bokitin fenti, tana iyo cikin ruwanta. Har zagin yake ɗauka, ya kai ya kawo. Wata rana ya ce Mama me ya sa kike wahalar da kanki, inda matar nan take tumfafiya har a bakin hanya take, awaki ma ba sa kallonta. Kaka ta ɗauki takalminta ta kwaɗa masa. Ta ce ta sani, kuma in ya sake faɗa sai ta fasa masa gilashin mota. Shi ne ya kai wa Inna labarin rasuwar.

Ga ta yanzu a ƙofar gida, ta tsufa, ta ranƙwafa, ita kaɗai. Kawu ya taho daga bayan gida da addarsa, mutane suna buɗe masa hanya. Ya tsaya a gabanta. Ta dube shi, ta dubi addar.

"Na ji Ƙawa ta tafi," in ji ta. "Ban zo da wara ba. Madara na kawo, ta safen nan. Ganye na zo ɗiba."

Wani saurayi ya nuna Inna ya ce abeg Baba a bar mana shi. Kafin ya rufe baki dutse ya taso daga cikin taro, ya fasa gefen ƙwaryar, ya yanke ta a gira. Jini ya sauko mata a ido. Ba ta saki jarkar ba. Masu diga suka fara matsowa, mata suka fara jan yaransu.

Kawu ya juya. Ya gane wanda ya yi jifan, ya kai masa faɗin adda a baya, yaron ya kife cikin laka. Sannan ya ɓalle maɓallin hannun rigarsa ya naɗe har kafaɗa. Ni kaina ban taɓa ganin tabon ba tun da ya warke. Fatar ta tattare, fari da baƙi, tana ƙyalli, gwiwar ba ta miƙewa duka. Ya ɗaga shi sama kowa ya gani. Can gefe mata suna soya naman da za a ba baƙi a babban kasko.

"Ku duba da kyau. Uwa na ne ya yi wannan, a kan wannan mata. Yana cikin akwati, bai shiga ƙasa ba tukuna. Ga mai can a wuta. Wanda yake so ya sani ko na koya, ya zo."

Ba wanda ya zo. Ɗaya bayan ɗaya suka koma rami.

Bai gaishe ta ba, bai ce ta shigo ba. Ya koma bayan gida ya jawo tumfafiyar gaba ɗaya, rassa da ganye, ya yar a ƙofar kicin, ya ce ga shi nan, ya sare, daga yau babu. Shugabar zumunta ta ɗaure wa Inna girar da ɗankwalinta. Inna ta shiga kicin ɗin nan, ta ɗauki tukunyar Kaka ba tare da ta tambayi inda take ba. Na tsuguna kusa da ita. Ganye kaɗan ta tsinka, kaɗan ƙwarai, ta ƙwanƙwasa da dutse, wutar kuma ta janye itace har ta kusa mutuwa. A waje ana wa'azi, a ciki madara tana haɗuwa. Duk bidiyon da na kalla ban taɓa ganin wara ta fito haka ba, tana rawa a kwando kamar mai numfashi.

Lokacin da ta tsane an riga an sauke akwati, ana shirin zuba ƙasa. Inna ta ɗauki ta farko ta miƙa hannu gefen dama, inda Kaka take tsayawa, hannun ya tsaya a iska. Sannan ta ɗora a faifai, ta ɗebi gishiri a tafin hannu, ta fita, ta ratsa mutane har bakin kabari inda Kawu yake tsaye, hannun rigarsa yana nan a naɗe.

Bai dube ta ba. Fasto ya dakata da karatu. Kawu ya sa hannun nan mai tabo ya ɗauka, ya dangwala a gishirin tafinta, ya ci a tsaye. Ya tauna a hankali, idonsa a kan akwatin, fuskarsa a ɓace.

"Ruwa ya yi yawa," in ji shi.

"Ganyenku ne ba kyau."

Sai ta ja mayafi ta rufe fuska, kafaɗunta suna girgiza. Kawu ya ɗauki shebur ya zuba ƙasar farko.

Sauran warar muka soya a man gyaɗa da yajin citta, ba ta kai ko'ina ba, wasu sun ci, wasu sun ce ba za su taɓa ba. Da rana ta yi sanyi matan zumunta suka sa Inna a tsakiya, wannan karon fuskarta a buɗe, suka raka ta bakin kwalta inda direban citta yake jira. Kawu yana biye can baya da addarsa, bai matso ba, kuma bai juya ba sai da motar ta ɓace.

Ubangiji ya ba Kaka hutawa, ya haɗa ta da autanta. In ana yin wara a can, mai yi ya rage ruwa.